Shigowar Hunturu, Daga Zariya Zuwa Kwoi

Jama'a, da Nuwamba ya raba tsakiya, akwai safiyar da mu kan tashi a Zariya mu nemi Dutsen Kufena mu rasa. Hazo ya rufe shi ruf, rana ta fito fara fat kamar tasa, ruwan randa kuwa ya zama abin tsoro ga mai alwalar asuba. To, hunturu ya sauka ke nan.

Da muna yara, zatonmu daga rafin Kubanni sanyin nan ya ke tasowa. Ashe baƙo ne na nesa. Idan kaka ta ƙare a Turai, sai iska mai sanyi ta ƙetaro Bahar Rum, ta faɗa Libiya, ta taru ta yi nauyi bisa hamada. Sa'an nan ta gangaro kudu, ta kurɗa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a ƙasar Cadi, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zugazugi, ta share kwarin Bodele, watau gindin wani babban tafki da ya ƙafe tun zamanin dā. Farar ƙasar kwarin nan ce ke sauka bisa tabarminmu, bayan tafiyar wajen mil 800. Don haka ne hazo ba ya zaunawa kullum. Ya kwana uku ko huɗu, gari ya washe, wani ayari ya biyo baya.

Amma ba rana ɗaya ya ke shiga Jihar Kaduna duka ba. Mu na arewa ruwa kan ɗauke mana tun farkon Oktoba, alhali a Kafanchan da Kagoro ana iya jin tsawa har ƙarshen watan. Muna shafa man kaɗanya a kaushi, su ciyawarsu na nan ɗanya.

A Disamban 2022 muka sauka Kwoi, muna ta kukan sanyi da faso. Mai masaukinmu ya yi dariya, ya kai mu bayan gida, inda aka tsaga citta aka shanya. Ya ce, "Malam, wannan iskar da ku ke zagi, ita mu ke jira. In ta makara, citta ta yi funfuna, ta yi baƙi, ɗan kasuwa ya taya ta yadda ya ga dama." Kai, mun ji kunya! Gama mu ma da cittar nan mu ke dafa shayin da ke korar mana sanyin.

Duk da haka ba mu yafe wa hunturu kome da kome ba. Busasshiyar iskar da ke gyara citta ita ce ke hura gobara. A hunturun 2021 wata tsohuwa a unguwarmu ta shiga da kaskon garwashi ɗaki, ta rufe ƙofa, barci ya kwashe ta. Kafin asuba ɗakin ya tafi, da buhun dawa biyu. Allah ya sa maƙwabta suka fid da ita, da jikokinta uku.