Shawarar da na ba Yaya

Bayan sadakar bakwai ta sarkin kantonmu, babban ɗansa ya same ni gida a Tawa. Yaya nake ce masa, don uwayenmu ɗaki ɗaya suka fito. Ni ne mushen lakwal na dangi, tarihi nake koyarwa, shi ya sa ya fara da ƙofata.

"Yaya, kwantar da hankalinka," na ce. "Kai ne ɗan fari. Ko a Jamus, tun 1356 sarki Karl na Huɗu ya sa a doka cewa ɗan fari ke gadon manyan gidajen sarauta."

Ban yi ƙarya ba, amma rabin magana na faɗa. Takardar waccan doka, mai hatimin zinariya, gidajen masu zaɓe ta ɗaure da gadon ɗan fari. Shi babban sarkin kuwa, a wancan zamani mutum bakwai ke zama a Frankfurt su zaɓe shi: manyan limaman coci uku da sarakuna huɗu. Na san haka sarai. Son Yaya ne ya sa na tsinci abin da zai yi masa daɗi.

Abin kunyar ma, ba sai na je Turai ba. Agabba da ya ci Adar a 1674 ya gaji mahaifinsa a Agadas, amma a 1721 ɗan'uwansa ya tuɓe shi, ya dawo Adar, zuriyarsa ke sarautar Illela har gobe. A wurinmu gida ke gadon sarauta. Baffa da ɗa da jika duk 'yan sarki ne. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 kuma masu gari ta ba ƙuri'a, su fidda ɗaya cikin masu gado.

Yaya ya ɗauki maganata, ya zauna birni yana karɓar gaisuwa. Baffansa, ƙanen marigayi, ya bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Da ma shekara da shekaru shi ke zuwa jana'iza da suna, shi ya san rijiyar da ta rufta da gonar da ake rigima a kanta. Ranar zaɓe, baffa aka naɗa wa rawani.

Na yi kwana uku kafin na iya zuwa neman gafara. Yaya ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini shayi.

"Mushe," ya ce, "a cikin littafin nan naka, akwai sunan maigari ko ɗaya?"