Fizibil, ɗan ƙaramin mai tsaron mota

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau maganata a kan wutar motocin nan ce masu buɗaɗɗen baya, irin Hilux, masu kai mu kasuwa da hatsi da bisashe.

Duk mako ina shigarsu. Na lura direbobi suna ƙara masu kaya: babbar fitila, rediyo, wurin cajin salula. Wasu sai su ɗaura waya kai tsaye bisa batir. Abin nan yana ba ni tsoro. Batir volt 12 ne kawai, amma in waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, sai ta yi ja, ta kama wuta. Ga mutane a baya, ga jarkar esansi.

Mai tsaronmu shi ne fizibil. Siririn ƙarfe ke cikinsa, in wuta ta yi yawa sai ya tsinke. Kowane sabon kaya a sa masa nasa kusa da batir. Da lamba bisa kansa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. In mai 10 ya ƙone, a sa mai 10. Kada a naɗa waya ko takardar kwalin taba a wurinsa. In sabon ya sake ƙonewa, mai yiwuwa wata waya ce ta goge, a bi ta a gano. Kafin a taɓa komi, a kwance kan batir mai alamar ragi (–).

Kullum ina gaya wa ɗalibaina: wanda ya iya bambanta 10 da 20 ya iya tsare motar garinsu.