Buhu 127 da suka kusa ja mini zargi

Jama'a, a daminar bara ƙungiyarmu ta nan Madakiya ta haɗa kuɗi muka sayo taki buhu 127 daga Kafanchan saboda manoman citta. Rabo ya faɗo kaina, ni sakatare. Na kasa biyar, biyu suka yi saura. Na gwada uku, shida, bakwai, kullum sai ɗaya ya rage. Har wani dattijo ya fara yi mini kallon da ban so ba.

'Yata da ke sakandare ce ta cece ni. Ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne, 127 ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta." Ni dai na sa wa irinsu suna gagara-rabo.

Ashe ma tana da dangi. Jera biyu guda bakwai ka ninka su da juna, 128 ke nan, cire ɗaya. Irin waɗannan sunan Mersenne, wani malamin Faransa na ƙarni na 17, suke ɗauke da shi. Dabarar ba kullum take ci ba: biyu guda 11 na ba da 2047, wato 23 sau 89. Babbar cikinsu da aka sani, wadda Luke Durant na Amurka ya gano a Oktoban 2024, biyu ne guda 136,279,841 a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320, littafin minitinmu ba zai ɗauke ta ba.

Buhu biyun nan kuwa, taro ya amince aka sayar, kuɗin na asusu, rasit na wurin ma'aji.