Tsohon Tarago Ma Littafi Ne

Mu ɗaliban Hausa mun saba neman tarihi a wurare biyu, watau cikin littattafai da kuma bakin tsofaffi. Ni kuwa ina so in nuna wa 'yan'uwana cewa akwai wuri na uku, shi ne jikin kayayyakin da aka yar. Abin da zan ba da misali da shi wani tsohon taragon kaya ne da ke kan mataccen layin dogo a Zariya, wanda na yi hutun da ya wuce ina bin diddiginsa.

Mutanen unguwar sun ce na jirgin kuza ne, wanda a da yake tashi daga Zariya zuwa Jos. Magana ce mai daɗin ji, amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wancan layi da ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Da na share ƙasa na auna tsakanin ƙarafan da taragon yake kai, sai na sami ƙafa 3 da inci 6, watau faɗin babban layin da ya iso Kano a 1911. Ashe ba na jirgin kuza ba ne, domin ƙafafunsa ba za su hau wancan layi ba.

Daga nan sai batun shekaru. A al'ada masu ƙera tarago sukan manna ɗan faranti na ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira. Na wannan an riga an ɓalle shi, sai ramukan ƙusa. Amma matambayi ba ya ɓata. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin loko, ya ce mini, "Yaro, duƙa ka dubi murafun akwatin mai da ke jikin ƙafafun." Na duba, duka takwas ɗin suna ɗauke da haruffa biyu, N da R. To, a 1912 ne aka haɗe layin Ikko da na Baro zuwa Kano aka sa musu wannan suna, a 1955 kuma aka kafa hukumar jiragen ƙasa, harafin C ya ƙaru. Na ce, "Baba, ai ana iya sauya murfi." Ya ce haka ne, amma da wuya a sauya takwas gaba ɗaya. Saboda haka alama ta nuna an ƙera shi tsakanin waɗannan shekaru biyu.

Me kuma ya ɗauka a zamaninsa? Siffarsa ita ta ba da amsa. Taragon gawayin Inugu buɗaɗɗe ne, ba shi da rufi. Na shanu yana da tsaga-tsaga a jiki don dabbobi su sha iska. Wannan kuwa rufaffe ne ruf, da ƙofa mai turawa a kowane gefe, irin wanda ake loda wa kayan da ba a so ruwa ya taɓa: gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga.

A nan ne tarihinsa ya haɗu da namu. Turawa sun shimfiɗa dogo zuwa Kano suna sa ran auduga don masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, tun daga kakar 1912. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita, wadda Alhassan Ɗantata ya yi suna a kanta, shaida ce ta yawan noma, kuma shaida ce cewa taragu irin wannan sun kasa kwashe buhunan a kan kari, dole aka tara su suna jiran jirgi. Da fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, dala ta ɓace, aikin irin waɗannan taragu ya ragu ƙwarai.

Abin da ke damuna shi ne shaidun nan biyu duk suna ƙarewa. Masu sayen tsohon ƙarfe suna yanka taragu su auna a sikeli, tsofaffin ma'aikata kuwa ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, da labaransu da kalmomin sana'arsu. Takardun da ke gidan adana tarihi na Kaduna za su gaya mana abin da Bature ya rubuta, amma ba za su gaya mana abin da lebura ya ce yana saɓe da buhu ba.

Don haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu, duk wanda garinsu ke da tasha, daga Ƙauran Namoda har Nguru, ya tafi hutu da magwaji da littafin rubutu. Ya auna, ya kwafi haruffa, ya ɗauki hoto, sannan ya durƙusa gaban dattawa ya yi tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta tukuna.