Ina Ƙailular Yaranmu Ta Tafi?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san cewa da bazara, in an sallame azahar, gari kan yi tsit. Mu a Rafindadi, Inna kan shimfiɗa wa ƙanananmu tabarma a inuwar bedi, mai so da marar so kowa ya kwanta. Da dare kuwa, ana gama lisha sai tatsuniya, kafin Gizo ya gama cutar Ƙoƙi rabinmu sun yi barci.

To, a hutun nan da ya wuce na zauna gidan yayana, na ga yadda ranar 'yarsa mai shekara 4 take tafiya. Ƙarfe 6 ake tashe ta, a yi mata wanka tana layi, a sa ta a Keke Napep zuwa naziri. Ba ta dawowa sai wajen ƙarfe 2. Kafin ta ci tuwo ta sake tufafi la'asar ta yi, sai Islamiyya. Da dare kuma tana rungume da wayar uwarta har 11. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: awa 7 ke nan. Alhali kuwa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar awa 10 zuwa 13 a kowace rana, har da na ƙailula.

Kada a ɗauka ina cewa dole kowane yaro ya yi barcin rana. Tsakanin shekara 3 da 5 ne yawanci yara kan yaye kansu daga gare shi, wani da wuri, wani a makare, kamar dai fitar haƙori. Amma wanda ya bari don jikinsa ya daina nema dabam, wanda aka raba shi da shi dabam. A 2013 Rebecca Spencer da abokan aikinta a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun koya wa 'yan naziri wasan tuna gurbin hotuna. Yaran da suka saba ƙailula, in aka hana su, sai su manta wani sashe na abin da suka koya, kuma barcin dare bai maido musu da shi ba. Wato makarantar da muke biyan kuɗi don ta cusa karatu, ita ce ke cinye lokacin da karatun ke zaunawa. Hasken waya kuwa da dare yana jinkirta sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne magariba. Nan yarinyar take ɓarkewa da kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce rigima ce, wani lokaci har a ɗauko tsumagiya.

Da na yi wa matar yayana wannan bayani sai ta yi dariya, ta ce, "To ɗan boko, bokon za a fasa ko Islamiyyar?" Muka daidaita a kan waya: ana lisha a karɓe ta. Kwana uku ana daru, a na huɗu kafin 9 yarinya ta yi barci. Ƙailula kam sai ranar Juma'a, da yake babu Islamiyya.