Lulluɓin Fangali Ya Daskare a Lambun Baffa

Asabar

Baffa ya aiko a kira ni lambunsa na Kura. Attaruhu na yaushi tun da hantsi, alhali jiya da yamma aka ba shi ruwa. Tun farkon hunturu ya lulluɓe fangalan da buntun shinkafa da garin katako don ƙasa ta riƙe laima, ga shi har Maris ya shigo ba a taɓa su ba. Na tsuguna na danna yatsa, ya ƙi shiga. Da na sa wuƙa, sai lulluɓin ya ɗago falle guda kamar ƙanzo a gindin tukunya. Samansa a bushe ƙamas, tsakiyarsa fararen zaruruwan fumfuna sun saƙa shi, ƙasar da ke ƙarƙashi kuwa ƙura zalla. Ashe ruwan da ake kwararawa a kai yake bi, ya gangare gefe.

Na ce, "Baffa, ruwan ya isa, hanya ce bai samu ba."

Ya ce, "To ɗana, ga ka ga lambu."

Lahadi

Yau dubawa kawai na yi. Kaurin lulluɓin ya kusa taƙi guda, alhali santimita 5 zuwa 8 ya wadatar, wato yatsu uku zuwa huɗu. Ƙurar hunturu ta cike 'yan kafofin, laka ta biyo ruwa ta liƙe saura, yara masu tsinkar attaruhu suka tattake. Fumfuna kuma idan ta bushe ba ta shan ruwa.

Ban ga laifin Baffa ba. Harawa kuɗi ce, mai kiwo na jiranta. Karan dawa na danni ne da girki, tattaka ta shanu ce. Abin da ke saura wa mai lambu shi ne wanda dabba ba ta ɗoki, ga buntu tsibi-tsibi a bakin injinan casa na Kura, ga garin katako wurin kafintoci. Duka biyun laushi gare su, kuma mai laushi shi ke saurin daskarewa.

Litinin

Bayan la'asar muka fara, da rana ta yi sanyi. Na hana a sa fartanya, domin saiwar attaruhu a sama-sama take. Manjagara muka ja a hankali, inda ya yi tauri muka murtsuke da hannu. Fiye da rabi muka kwashe, muka share gindin kowace shuka faɗin tafin hannu, don danshi a jikin kara shi ke kawo ruɓa.

Fangalin ƙarshe, inda ruwa ke taruwa, matsalarsa daban. Can lulluɓin jagab yake, ya yi baƙi, da muka ɗaga sai wari mai tsami haɗe da na ruɓaɓɓen ƙwai ya daki hanci, har ƙanena ya ja da baya yana toshe fuska da hula. Rashin iska ke jawo haka, kuma irin wannan yana ƙona ƙananan shuka. Muka ɗebe shi kaf, muka baza a rana nesa da fangali. Sai warin ya tafi tukuna a san yadda za a yi da shi.

Talata

Ban ruwa kaɗan-kaɗan, a dakata ya nutse, a ƙara. Da magariba na tona gefe, laima ta wuce tsawon yatsa.

Laraba

Mun ɗan yi ja-in-ja. Baffa na so a kife abin da muka kwashe cikin ƙasa ya zama taki. Na roƙe shi ya bari. Ɗanyen garin katako in ya cakuɗu da ƙasa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sai su janye naitirojin ɗin da shuka ke buƙata, ganye ya koma ɗorawa. Buntu kuma akwai silika a jikinsa, ba ya ruɓewa da wuri. Muka tara su gefe, muka haɗa da kashin kaji da na awaki, muka yayyafa ruwa. A riƙa juyawa, in damina ta faɗi sai a duba.

Baffa ya kuma yi ƙorafin gara. Na tuna masa manoman wajen Tawa, a Nijar, masu haƙa ramukan tassa su zuba taki a ciki. Gara ta zo ci, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu mashiga. A gonar gero alheri ce. A lambu ma ba na tsoron 'yar kaɗan, muddin ba ta jingina da karan shuka ba. Baffa dai bai gamsu ba, ya ce gara gara ce.

Alhamis

Neman ɓawon gyaɗa na sabon lulluɓi. Buhu biyu muka samu a maƙwabta.

Juma'a

Kafin masallaci muka sake shimfiɗa: ɓawon gyaɗa, guntayen kara da aka daddatsa da adda, sai ɗan buntu busasshe, kaurin yatsu uku. Muka gitta katako tsakanin fangali domin masu tsinka su riƙa takawa. Attaruhun ya kai azahar a tsaye, ban da layi guda a fangalin ƙarshe wanda saiwarsa ta riga ta ruɓe, shi kam sai cirewa.

Mai lambu, ka kula in bazara ta kawo kai. Duk mako ka cusa yatsa ƙarƙashin lulluɓinka bayan ban ruwa. In ka ji ƙura, ɗauko manjagara kafin ka ƙara tayar da injin ban ruwa.