Bindigar da Ake Yi wa Wanka da Ruwan Zafi

Jama'a, ashe wanka ake yi wa bindiga! Wanka na sosai, da tafasasshen ruwa daga buta. Da idona na gani a wani zaure a Birnin Gwari, kuma duk wanda na ba wa labarin sai ya tsaya yana dubana, yana jiran in ce wasa nake.

Ziyarar kawuna ce ta kai ni, tsohon soja da ya ajiye kaki ya koma gida noman masara. Na daɗe ina ɗaga tafiyar, don kowa ya san abin da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama, kilomita wajen 120 ta Buruku da Udawa, wadda a wasu shekarun ba a shiga sai da rakiyar jami'an tsaro da addu'a a baki. Da aka yi sulhu da 'yan bindigar daji, Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar kara a ƙarshen Nuwamban 2024, motoci suka dawo hanya, sai ni ma na yi ta maza.

Maƙwabcin Kawu dattijo ne, maharbi ɗan maharbi, wanda yanzu bindigarsa ba ta da aikin da ya wuce korar birai daga gona. Da hantsi muka shiga gaishe shi, muka tarar ya dawo ke nan, bindigar toka na kwance a cinyarsa, buta na huci a gefe. Abu na farko da ya yi, ya zura sandar durawa a bututun har ƙasa, ya duba wani zane da ya yi a jikin sandar, ya tabbatar babu komai a ciki. Sannan ya toshe 'yar kafar da wuta ke bi da tsinke, ya miƙar da bindigar tsaye, ya tsiyaya mata ruwan zafi ta baki. Ya girgiza, ya kifar. Wayyo! Ruwan da ya fito baƙi ƙirin, ga wani warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya cika zauren har jikokinsa suka watse suna toshe hanci. Ya sake, ya kuma sakewa, har ruwan ya riƙa fitowa garau.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, ruwa fa! Ba tsatsa za ta yi ba?"

Bai ko ɗago kai ba. "Yaro, in ban ba ta ruwa yau ba, kafin gobe za ta sha na iska da kanta."

Wannan magana ta dattijo, duk wanda ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai zai sa mata hannu. Baƙin albarushi ba ya ƙonewa ya tafi duka. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, wani ya fita a hayaƙi, wani ya lafe a jikin bututu a matsayin toka mai gishiri-gishiri da ƙibiritu. Ita wannan tokar tana zuƙar laima daga iska, ta jiƙe, ta fara cin ƙarfe tun daga ciki inda ido ba ya gani. Mai ba ya narkar da gishiri. Ruwa ne ke narkar da shi. Shi ya sa wanda ya ɗura wa bindigar toka mai a kan dattinta bai yi komai ba face rufe ɓarnar. Dalilin zafin ruwan kuwa shi ya fi burge ni: bututun na ɗaukar zafin har ba ya taɓuwa, sai ya busar da kansa nan take, kafin tsatsa ta samu wurin zama. Baba ya bi da busasshen tsumma a kan sandar, ya jingine ta kai ƙasa a rana, sai da ta bushe ƙamas sannan ya lakato man kaɗe kaɗan ya shafe ta ciki da waje. A kan idona tsohon ƙarfen nan ya koma sheƙi.

Nan take tunanina ya tafi hawan sallah. Duk ƙarar nan da hayaƙin da masu bindigar sarki ke tayarwa a Kano da Zariya da Katsina, muna tafi muna sowa, ashe akwai aikin buta da tsumma da ke jiransu da yamma, wanda ba wanda ke ɗaukar hotonsa. Kuma aikin ya daɗe, domin tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye masu bindiga a cikin masu tsaronsa.

Ina cikin wannan zumuɗi sai Kawu ya fashe da dariya. Ya ce, "Kai ɗan nan, wanka kawai ka gani ka rikice? To a tamu sana'ar, akwai ƙarfen da in ka shafa masa mai ka kashe shi."

Na gyara zama.

Kawu ya yi zamanin gasar harbi a soja, ya sha rana a filin bara na Jaji. Ya ce tun da wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884, dattin bututu ya ragu ƙwarai, sai matsalar ta sake mazauni. A ƙaramar bindiga ta zamani, fistol, inda aka fi samun cikas shi ne gidan harsashi, abin da su sojoji ke kira magazin. Ni da nake ɗaukarsa gwangwani ne kawai da ake cusa harsasai! Ya aiki yaro ya ɗauko sitefila, wannan ƙarfen maƙala takardu na ofis, ya buɗe ta a gabana. Ga layin ƙusoshi, ga sifirin, ga ɗan abin da sifirin ke turawa yana danno ƙusoshin gaba. Ya ce haka gidan harsashi yake, sai dai shi a tsaye: kwanso, sifirin, matashin da harsasai ke zaune a kai, murfin ƙasa, da leɓuna biyu a sama da ke riƙe harsashin farko daidai inda bindiga za ta ɗauke shi. Sai ya ɗebo ɗan yashi ya barbaɗa a sitefilar ya miƙo min. Na danna, ta ciji ɗaya. Na sake dannawa, shiru. Ƙwayar yashi ta tare hanya, sifirin ya kasa turawa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Daga nan ya zaro waya ya nuna min bidiyon gasar da ake yi a waje, kuma a nan ne na ga dalilin duk wannan kaffa-kaffa. Akwai ƙungiyar duniya ta irin wannan wasa, IPSC, da aka kafa a watan Mayun 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Wasan nasu ba na tsayawa wuri ɗaya ba ne. Mutum na gudu, yana leƙawa ta taga, yana durƙusawa, yana harbin allunan kwali da na ƙarfe, agogo na ƙirga masa. Makin da ya ci ake rabawa da daƙiƙoƙin da ya ɓata. To in harsasai suka ƙare fa? Maɓalli yake dannawa, gidan harsashin ya sulale ya faɗi ƙasa, tim, cikin ƙura ko taɓo, kafin ya kai ƙasa ma ya zaro wani daga ɗamara ya cusa, ya wuce. Ba mai tsayawa ya ɗauka. Sai an gama zagaye ake komowa a tsince su, kuma da su ɗin za a shiga zagaye na gaba. Mutum ya yi shekara yana atisaye, ya biya kuɗin jirgi da masauki, ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale masa, ya tsaya yana jijjiga bindiga daƙiƙa uku ko huɗu, shi ke nan kofin ya tafi gidan wani.

Saboda haka, in ji Kawu, tsakanin zagaye da zagaye za ka ga manyan gwanaye zaune a kan akwati kamar ba su ba ne ke tashin ƙura ɗazu. Duk gidan harsashin da ya taɓa ƙasa sai an juye harsasan, an zare murfin ƙasa a hankali da yatsa a kai, don sifirin ɗin a matse yake, in ya kuɓuce ido yake nema. A fitar da sifirin da matashin, a zura buroshi mai dogon hannu, a ja busasshen tsumma ta ciki ya fito ta ɗaya bakin, a goge sifirin, a mayar. Minti ɗaya ko biyu. Su kansu harsasan da suka faɗi sai an goge su.

Na ce, "Kawu, sai a ɗan ɗiga man keke ko, don ya yi santsi?"

Ya kama haɓa. "A'a! Nan ne sababbin shiga ke faɗawa."

Mai a cikin gidan harsashi ƙura yake kamawa. Ƙurar ta haɗu da man ta zama wani danƙo mai kaushi, matashin ya riƙa tafiya da ƙyar. Bayan haka ana gudun man ya tsiyaya ya shiga gindin harsashi, inda wuta ke tashi, ya dusashe shi. Cikin gidan harsashi bushewa yake so, ƙaƙas. Ka ji fa! Bindigar Baba sai an jiƙa ta da ruwa an bi da mai, wannan kuwa ruwa da man duka ba ya so. A zaure ɗaya, a hantsi ɗaya, na ji dokoki biyu masu karo da juna, kuma kowace gaskiya ce.

Wanda ya san hunturunmu zai gane nauyin maganar. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ta fi gari laushi, tana shiga akwati a rufe. Da damina kuma laimar dajin Birnin Gwari ta karɓi aiki, sifirin ya yi tsatsa a ɓoye. A nan ne kaɗai Kawu ya yarda da mai: a shafa wa sifirin da tsumma mai ɗan maiƙo, a sake goge shi da busasshe har yatsa ba ya jin komai.

Kada wani ya ce wannan fitinar 'yan wasa ce kawai. Sojojin Amurka, da duk kuɗinsu, sun sha wuya a Iraƙi bayan 2003 da fistol ɗinsu Beretta M9, wadda suka ɗauka tun 1985, mai cin harsashi 15. Aka yi ta zagin bindigar, daga baya aka gano wani rukuni na gidajen harsashin ne aka yi wa shafe mai kaushi a ciki, yashi mai laushi na maƙalewa a jikinsa. Da aka sauya shafen zuwa mai santsi, ƙorafin ya ragu.

Wata dabarar da ta ba ni dariya don sauƙinta: lamba. Kowane gidan harsashi a rubuta masa lamba a gindi da alƙalamin fenti. In bindiga ta cije, ka duba lambar wanda ke ciki. In lamba 4 ce yau, lamba 4 ce jibi, ka san mai laifi, ka duba leɓunansa ko sun buɗe saboda faɗuwa a kan dutse, ka fitar da shi daga jakar gasa. Ba tare da lambar ba, sai ka yi ta zargin bindiga da harsashi da hannunka, har da maƙiya.

Mai karatu zai lura sitefila Kawu ya nuna min, ba fistol ba. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Fistol da libarba na cikin waɗanda aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar harbin tsuntsaye da irinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu durawa ta baki irin ta Baba, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. Kawu ya bar tasa a ma'ajiyar makamai ranar da ya bar aiki, kuma haka ya kamata. Wannan gari ya binne mutane da yawa sanadin bindigar da ba ta da rajista, mutanen ƙauyen Gwaska ba za su manta harin watan Mayun 2018 ba. Na san akwai uwar da ko ƙarar fashewar taya ba ta son ji, balle a yi mata zancen harbi a matsayin wasa, kuma ba ni da bakin ce mata ta yi kuskure.

Duk da haka ga abin da ya tsaya min a rai. Dajin Birnin Gwari yana da wata fuska da yaran yanzu ba su sani ba. Sashensa da ake kira Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, murabba'in kilomita sama da 1,100 na doka da kaɗanya, ga ruwan Dogon Ruwa na zubowa, ga Goron Dutse da Tsaunin Rema. Farauta haramun ce a cikinsa, kuma a bar ta haramun. Amma mutane irin Baba, masu sanin ƙarfe da iska da haƙuri, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, abin da matasa suka gani na bindiga kuwa shi ne wadda aka rataya a kan babur. Ba su taɓa ganin filin da ake korar gwani daga gasa don ya juya bakin bindiga inda bai dace ba, ko don ya taɓa harsashi a wurin da aka hana, alhali a gasar IPSC haka dokar take, komai sunanka.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan. A watan Maris na 2017, lokacin Laftanar Janar Tukur Buratai, rundunar sojan ƙasa ta ɗauki gasarta ta harbi da ƙananan makamai ta kai dajin Sambisa, don kowa ya gani da idonsa wa ke riƙe da wurin. Jaji ma, inda filin bara na soja yake, a jihar Kaduna take, ba wata uwa duniya ba. Ina roƙon rundunar soja da gwamnatin jiha da fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, su duba yiwuwar kawo wannan gasa Birnin Gwari, a fili mai shinge, da rana tsaka, a ware wa maharba masu lasisi rana guda su gwada bara da bindigar toka a kan allo, a kuma kawo 'yan makaranta su zauna a layin gaba.